Rasuwar Bari Amma, Uwar Garken Asibitinmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwa masu warin ƙonanniyar waya, ni Mahrukh Sial, mai kula da kwamfutoci a asibitin idon Dakta Parveen Sahiba da ke Gulgasht a Multan, nake sanar da rasuwar sabarmu, uwar garken kwamfutocin gidan nan, wadda muke kira Bari Amma, wato Babbar Uwa. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, tana da shekara goma sha ɗaya, a ɗakinta na ƙarƙashin bene, kusa da tsintsiya.

Marigayiya ba ta da kwalin kowace makaranta. Ni ma haka. A bidiyon waya na koyi yadda ake zaunar da ƙananan kwamfutoci marasa jiki a cikin babba guda, kowace da sunanta da adireshinta, da yadda ake gina musu gadar da za su bi su yi magana da waje. A jikinta na koya. Na kashe ta bisa kuskure ya fi sau ashirin, kullum sai ta tashi ta ce "tit", ba ta taɓa kai ƙarata ba.

Mai haƙuri ce. Zafin watan Yuni, ɗauke wuta sau shida a yini, ƙadangaruwar da ta yi ƙwai a bayanta, duk ta shanye. Abin da kawai take cewa shi ne "wuuuu", in abin ya yi tsanani ta ƙara da "ƙyas, ƙyas".

Ta rasu da 'ya'ya biyar a cikinta: mai rajistar marasa lafiya, mai hotunan ido, mai lissafin magani, mai ajiyar ko-ta-kwana, sai autarsu, mai amsa waya. Huɗun farko Dakta Sahiba ta ce akwai takardu, za a sake shigarwa. Autar ce babu takardarta. A cikinta muryar Abba ji take, mahaifina Ghulam Rasool, wanda ya yi shekara ashirin da shida yana ɗaga wayar asibitin nan. Kafin ya kwanta ciwo na sa shi ya yi magana a makirufo: "Assalamu alaikum, nan asibitin ido ne. Ku ɗan yi haƙuri, yanzun nan za a ɗauka." Sai ɗan tari, sai ƙarar kofin shayi a kan faranti. Na so in yanke tarin, ya ce in bar shi, mutane su san mutum ne. Shekara biyu ke nan da binne shi. Kowace Alhamis Ammi, mahaifiyata, takan kira lambar asibitin daga gida, ta saurara, ta kashe kafin a ɗauka. Ma'aikata sun san lambarta, ba sa gaggawar ɗagawa.

Ciwon ajali ya shigo ne da kwat da turare. Injiniya Daniyal, ɗan ƙanwar Dakta Sahiba, wanda ya ce a kira shi Danny, ya dawo daga Dubai da kwalayen shaidar karatu bakwai a cikin gilashi. Ya leƙa ɗakin, ya toshe hanci, ya ce mini, "Yaya, wa ya yi wannan aikin? Mai gyaran keke?" Na ce ni ce. Ya ce ya gani.

Ya tarar ina ajiye kwafin komai a wani faifai cikin durowata, naɗe da tsohon mayafi. Ya ce wannan aikin ƙauye ne, a zamanance wuri guda ake tara komai. Ya kwashe kwafin ya zuba a cikin Bari Amma kanta, ya goge faifan don ya yi wani amfani da shi. Wato maganin gobara ya ajiye a tsakiyar ɗakin da zai ƙone. Na gani. Ban hana shi ba, saboda shi ke da gilashi bakwai. Wannan kason laifin nawa ne, kuma na karɓa.

Ran Talata, yana zaune a gidan shan kofi a Lahore, ya shiga cikinta daga nesa ta intanet don ya raba wa ƙofar kulawa hanyarta daban. Ya rushe gadar da shi kansa yake tsaye a kai. Allo ya yi masa shiru. Sai ya bugo wa Dakta Sahiba, ya ce a zare wuta a mayar. Ina wajen cin abinci. Sau biyar aka zare. A na biyar ta ce "ƙyas" sau ɗaya, ba ta ce "tit" ba.

Danny ya aiko da ta'aziyya. Ya ce dama ta tsufa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Adireshin autar, mai ƙarewa da bakwai, har yau yana amsawa. In na ƙwanƙwasa daga kwamfutata sai amsa ta dawo, layi bayan layi, alhali gawar tana gabana, wayar wutarta a naɗe a kanta. Na san bayanin: wataƙila injin buga takarda na sama ne ya tsinci adireshin. Minti biyu ya isa in tabbatar. Ina roƙon kada kowa ya taya ni dubawa.

Za a yi mata wanka da iskar famfo gobe da hantsi. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai zo da amalankensa ƙarfe sha ɗaya, faifanta huɗu kuwa suna wurina cikin mayafin, ba na sayarwa ba ne. Za a raba shayi da zarda, shinkafar nan mai zaƙi, a bakin bene. Masu kwalaye su bar su a mota.

Jibi Alhamis. Ban gaya wa Ammi ba tukuna. Na roƙi Dakta Sahiba ta bar ni in zauna a teburin waya daga azahar, a kujerar Abba ji, da kofi da faranti. Duk wanda ya ji wayar tana ƙara a ranar, don Allah kada ya taɓa. Ni zan ɗauka.