Rasuwar Gangar Baba a Bakin Ƙofar Fili

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kuma kai mai sara saboda hayaniyar da ake yi mini a falo tun hantsi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da maƙwabta na kirki da masu leƙe ta katanga, rasuwar gangar maigidana, wadda magoya bayan ƙungiyar ƙwallon garinmu suka fi sani da Gwaggo. Ta cika a bakin ƙofar filin wasa, a kafaɗar mai ita, cikin ruwan sama, ƙofar kuma a garƙame da kwaɗo.

A ɗaki nake wannan rubutu, na bar ƙofa a ɗan buɗe don kada wata magana ta wuce ni. A falo akwai gawa a kan tebur, an lulluɓe ta da tsohuwar tuta. Akwai maigida a gefe guda, akwai surukinmu mijin 'yarmu Auta a ɗaya gefen, wanda shi ne mai magana da yawun ƙungiyar. Maigida na cewa kashe ta aka yi. Suruki na cewa bai kamata a yanke hukunci ba sai kwamiti ya zauna. Auta kuwa tana kicin tana ta wanke kwanon da ba shi da datti, don ba ta san bayan wanda za ta bi ba, uba ko miji.

Marigayiya ta girmi 'ya'yanmu duka. Maigida kafinta ne, shi ya fafe kangonta da hannunsa daga wani gungume da aka kawo masa a yi kujera, mai aikin ya tafi bai dawo ba. Shi ya ɗaura mata fata, shi ya ja igiyoyinta, ni kuma na ɗinka mata maratayi da ragowar zanen aurena, abin da har yau ba a gode mini ba. Tun daga lokacin, shekara talatin da wani abu, ba a taɓa buga wasa a filin nan ba tana gida, sai ranar da aka haifi Auta, ita ma ɗin bayan hutun rabin lokaci an gan ta a can.

Mun shaide ta da gaskiya. Ina tsakar gida ina wanki nake sanin abin da ake ciki a fili, ba rediyo ba waya. In an ci, sai ka ji ta tun daga bakin kasuwa, dududum-dududum-dum, kamar za ta tsage don murna. In mu aka ci, sai ta koma dum, ta yi shiru, dum, ta yi shiru, ni kuma in san cewa yau ba ranar tambayar maigida komai ba ce. Ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin sababbin 'yan wasa ba. Ba ta taɓa cewa ana duba lamarin ba. Abin da ya faru shi take faɗa, a lokacin da ya faru, kuma kurma ma yana jin ta a ƙirjinsa. Ba ta da son jiki, abincinta rana ce kawai: da safiyar wasa a ajiye ta a tsakar gida ta sha hantsi, fatarta ta miƙe, shi ke nan ta ƙoshi. Abin da ba ta so a duniya ɗaya ne, wato ruwa.

Ba zan ɓoye aibinta ba, don ba na son a ce na yi mata ƙarya bayan ranta. Ta hana jarirai barci, ta sa mai gidan haya ya kore mu sau ɗaya, kuma tana da wari in damina ta yi nisa. Duk mun yafe.

Ciwon ajalinta ya daɗe yana cin ta. Ya fara ne tun zuwan wannan shugaban ƙungiya na yanzu, mutumin da magoya baya ba su taɓa jin muryarsa ba, sai dai su ga gilashin motarsa yana ɗagawa. Masu horarwa suka riƙa shigowa suna fita, har maigida ya daina wahalar koyon sunayensu, kowa ya zo sai ya kira shi Sabo. Aka riƙa sayar da 'yan wasa ba sallama. Akwai ranar da maigida ya hango ɗan wasan gabansu yana motsa jiki, ya saki masa kiɗan kirari, jama'a na amshi, sai da abokinsa Tela ya taɓa shi ya ce ya duba kalar rigar da ke jikin yaron. Ashe an sayar da shi ga waɗanda suka zo buga wasa da mu, kuma shi ya zura mana ƙwallo ranar. Daga nan muryar Gwaggo ta fara dusashewa. Kiɗan murna ya yi ƙaranci a bakinta har yaran unguwa suka manta da shi, sai wannan dum, shiru, dum, mako bayan mako, ƙungiya na ta zamewa ƙasan teburin gasa, ofis kuwa ko tari.

Kada a ce ba ma samun labari sam. Muna samu, amma ba ta hanyar surukina ba. Matar da ke wanke rigunan 'yan wasa ita ke gaya wa matar Direba, wanda ke kwasar magoya baya zuwa fili a motarsa, matar Direba ta gaya mini, ni kuma in gaya wa duniya. Ta nan muka ji an kori mai horarwa na baya, ta nan muka ji mai tsaron raga ya yi yaji, ta nan muka ji abin da ya haɗa ma'aji da sakatare, wanda ba zan rubuta a nan ba saboda wurin makoki ne, amma mai son ji ya san gidana. To, a makon da abin ya faru mai wankin ta kwanta da ciwon baya. Hanyar labarin ƙungiya kaf ta toshe, ba wanda ya lura.

Ranar wasan, maigida ya fito da Gwaggo tsakar gida kamar kullum, ya zauna yana jan igiyoyinta. Sai ga suruki ya kawo Auta da jikoki su yini. Da idona na ga ya tsuguna ya gaida surukinsa, ya kewaye gangar don kada ya taka ta, har ya yi musu fatan sa'a. Ya sha ruwa, ya shiga mota, ya tafi. Alhali a ransa ya san an rufe filinmu saboda ciyawa ta mutu, an mayar da wasan wani gari mai nisa, motar 'yan wasa ma ta kama hanya tun jiya. Sanarwa na nan a rubuce, wai tana jiran sa hannun shugaba, shugaba kuma ya yi tafiya, wayarsa a kashe.

Magoya baya suna da wata ƙa'ida wadda maigida ne ya kafa ta da kansa tun yana da baƙin gashi. In aka iso bakin fili aka fara kiɗa, ba a sauke ganga sai an buɗe ƙofa. Da haka suke tayar da masu gadi, da haka 'yan wasa ke sanin jama'arsu ta iso. Ranar suka tarar da ƙofa a rufe, suka ce masu gadi ne suka makara, aka fara. Hadari ya haɗu, ana kiɗa. Yayyafi ya sauko, Tela ya ce a rufa mata riga, maigida ya ce ai yanzu za a buɗe. Ruwa ya tsuge, wasu suka fake a rumfar mai gyaran taya, shi kuwa yana tsaye shi kaɗai a gaban ƙarfe yana dukan fatar da ta jiƙe, don a rayuwarsa bai taɓa sauke ta a gaban rufaffiyar ƙofa ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ƙungiyarsa ta bar shi a waje ba.

Waɗanda ke wurin sun ce muryarta ta koma ɓaf, ɓaf, kamar ana dukan katifa. A nan ne Direba ya duba wayarsa ya ga mutanen wancan garin na ta murna, an riga an zura mana ƙwallo a filin da ba mu ma san sunansa ba. Ya tsallako cikin ruwa zai faɗa wa maigida, kafin ya iso sai suka ji ɓarak. Maganarta ta ƙarshe ke nan. Sandar kiɗa ta shige cikinta har wuyan hannu.

Sanarwar ƙungiya ta fito bayan an tashi wasa. Tana cewa za a buga wasan yau a wani fili, ana roƙon magoya baya su fito da yawa.

Marigayiya ta bar sandar kiɗa guda, mai lanƙwasa, wadda ke kwance a ƙarƙashin matashin maigida. Ta bar tutar da Tela ya ɗinka, da ta koɗe har ba a gane kalar ƙungiya, da ƙahon roba mai tsaga wanda ba ya fitar da komai sai iska. Ta bar tsofaffin magoya baya da ba su kai cikin motar Direba ba yanzu, bayan a da sai an yi sahu biyu. Sannan ta bar mini tsoho.

Wannan na ƙarshen shi ne nauyin da ya fi ƙarfina. Da farko na ɗauka takura ce kawai, don ranar wasa ita ce ranar da nake zaga maƙwabta in ji lafiyar kowa, yanzu kuwa ina da mai zama a bakin ƙofa yana tambayata ina za ni. Amma abin ya wuce nan. Mutumin nan ya daina cinye abincinsa. Wandonsa na zamewa. Ranar wasa in lokaci ya yi sai in ga yatsunsa na bugun gwiwarsa, shi bai ma sani ba. Bai buɗe shagonsa ba tun ranar. Na ga maza da yawa da suka zauna irin wannan zaman, kuma na san inda yake kai su.

Shi ya sa da suruki ya zo yau da saƙon shugaba, ni dai a raina na so a karɓa. Ƙungiya za ta ba maigida sabuwar ganga ta kanti, mai fatar roba da ba ta tsoron ruwa, da tambarin ƙungiya a jikinta. Shugaba da kansa zai miƙa masa a gaban masu ɗaukar hoto. Abin da ake so a wurinsa kaɗan ne, ya ce magoya baya na tare da shugabanci. Na aika Auta ta raɗa wa ubanta cewa magana ce ta fatar baki, ya faɗa ya karɓi abarsa ya koma fili, ni in samu mijina ya dawo cin abinci. Ya kore ta da hannu.

An yi ta ja. Suruki ya kawo maganar tsarin aiki, ya kawo maganar matakai, ya ce shi ma ƙarƙashin wani yake, in ya yi gaban kansa aikinsa ne a bakin ƙofa, kuma jikokinmu ne za su ji a jikinsu. Wannan gaskiya ce, na ba shi ita. Yaron ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Maigida ya bar shi ya gama, sannan ya sassauta murya, har sai da na matso da kujerata bakin ƙofa.

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Lokacin da ka kewaye ta a tsakar gidan nan, ka san babu wasa a filinmu?"

"Baba, a lokacin ba a ba ni izinin magana ba."

Na mayar da kujerata, na koma kan rubutuna.

Game da jana'iza, ga abin da na tsara tun farko. Da yamma Tela da Direba za su zo, a naɗe ta a cikin tutarta, a ɗora ta a saman kabad inda ɓera ba ya kai wa, kowa ya sha ruwa ya watse. Ba a gayyaci kwamiti ba. Ban ce a yi mata addu'ar mamaci ba, kada malamai su taso mini, na san itace ce da fata.

Sai dai tsarin nan ya rushe ina cikin rubuta shi. Yanzun nan na ji an ja kujera. Na leƙa na ga maigida ya yaye tutar, ya rataya gawar a kafaɗa yadda ya saba, ɓarakar na kallon gaba. Ya tsaya a kan suruki.

"Ka gaya wa shugabanka ya riƙe gangarsa. In an ba ka izini."

Ya fita, ya bugo ƙofa har hoton aurensu Auta ya karkace a bango.

Saboda haka ana sanar da jama'a cewa an riga an ɗauki gawa. Ban san inda za a kai ta ba, amma ya miƙe titin da ke zuwa ofishin ƙungiya, kuma da ƙafa yake. Duk wanda ya ga wani tsoho rataye da fasasshiyar ganga, ya ajiye abin da yake yi ya bi bayansa, jana'izar ke nan. Kada wanda ya ce zai karɓar masa, kada wanda ya ba shi haƙuri. Wanda ya fi ni sauri dai ya tsaya ta hagunsa wajen tsallaka babban titi, don idonsa na wannan gefen ba ya gani sosai, kuma ba zai yarda ya faɗa ba.