Abin Da Ke Ƙarƙashin Abayata

Ba zan taɓa mantawa da makon da sanyi ya yi mana dirar mikiya a Dubai ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta. Na san za ku ce wane irin sanyi ne a Dubai. To gidajen garin nan don zafi aka gina su: ƙasa tayil, na'urar ɗaki kuma sanyi kawai ta iya hurawa. A ɗakin da muke haya a Hor Al Anz ni da ƙawata Rifkatu, in ka taka ƙasa da asuba sai ka ji har cikin haƙoranka. Ga iska, ga yayyafi. Masu sayar da karak, shayin nan mai madara da kayan ƙamshi, su kaɗai suka ji daɗin makon.

Ina aiki a wani shagon abaya a Al Sabkha, mai shagon Balarabiya ce, Madam muke ce mata. Rifkatu kuwa gadi take yi a wani sito a Al Warsan. Ba ni da kayan sanyi ko ɗaya (wa zai ɗauro rigar sanyi daga Gusau ya kawo Dubai?), kuma na ƙi saye don kowa cewa yake kwana biyu ne ya wuce. Sai na gano cewa abaya ba ta tona asiri. Ranar farko wandon barcina na bari a ciki. Washegari na ƙara wani a kai. Kafin tsakiyar mako na haɗa da safar 'yan ƙwallo, na ɗaure cikina da tawul kamar mai jego, na ɗora tsohuwar jaket ɗin aikin Rifkatu mai ruwan lemo, irin mai layi-layin nan da ke ƙyalli in haske ya taɓa. In na zura abaya na fesa turare, sai ka ce matar wani attajiri ce da hutu ya karɓe ta.

"Ke dai kada Allah ya sa ki faɗi a jirgin metro," in ji Rifkatu. "Nurse ɗin da za ta kwance ki sai ta nemi overtime."

A lokacin ina cikin fargaba. Kwantiragina ya kusa ƙarewa, Madam kuma za ta buɗe sabon reshe a wani babban kanti, mutum ɗaya za ta ɗauka a cikinmu ma'aikatan shagon. Wadda ta zaɓa za a sabunta mata biza, sauran kuwa ba ta ce komai a kansu ba. Abin da ta maimaita kawai shi ne tana son yarinyar da ta san ado.

Ranar Alhamis bayan azahar sai ga Madam ta shigo. "Yalla, kwaso sababbin ɗinkunan nan. Ƙawayena suna gidana shan shayi, ina so su gan ki." Na ce ko in ɗan leƙa gida? Ta ce, "Khalas, babu lokaci, haka ma kin yi kyau." Har daɗi na ji, don Allah ku ji wauta.

Ni da nake sayar da abaya kullum, ban taɓa tambayar kaina inda masu sayenta suke cire ta ba. Ashe a bakin ƙofar falon mata ne. Muna shiga 'yar aiki ta miƙo hannu, Madam ta zare tata ta ba ta, sai ga doguwar riga mai aikin zare har ƙasa. Na leƙa ciki, mata cike da kujeru, kowace ta ci ado, babu mai abaya ko ɗaya. 'Yar aikin ta juyo gare ni. Na ƙanƙame wuyan rigata na ce, "Shukran, sanyi nake ji shwaiya, ɗan kaɗan."

Falon kuwa sun kunna abin ɗumama ɗaki. Aka kawo gahawa da dabino, aka bi da shayi mai zafi. Ina baje ɗinki ina murmushi, gumi yana bin bayana, tawul yana shanyewa. Na ce a raina in dai na daure har magariba, na tsira.

Sai aka fito da turaren wuta. Mu ma muna yi a gida, don haka ban tsorata ba. Amma mahaifiyar Madam, wata tsohuwa mai fara'a, ita ta ɗauko kaskon da kanta ta ajiye a gabana, wai baƙuwa ake fara karramawa. "Tashi, habibti, ya shiga kayanki." Na miƙe na ɗan ɗaga bakin abayar. Safar 'yan ƙwallo ta leƙo, na yi maza na saki. Tsohuwa ta ga bakin rigar zai taɓa garwashi, ta kama ta fizge. Abayar kuwa ɗinkin shagonmu ce mai maɓallan gaba, irin waɗanda ake dannawa. Suka ɓalle daga ƙasa har wuya.

Hasken fitilun falon ya sauka a kan jaket ɗin Rifkatu, layukan suka ɗau ƙyalli. Tawul ɗin, da ya gaji da wahala, ya sulale ya faɗi a kan kafet. Tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi 'yarta cikin natsuwa, "Da safe gyaran titi take yi?"

Kunya ta rufe ni har na ji hawaye na taruwa. Na ga biza ta tafi, na ga kaina a filin jirgi ina tunanin abin da zan gaya wa mahaifiyata.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta taso ta mayar da maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ja da baya, ta zagaya ni tana duban kafaɗa da yadda rigar ta zuba. Sannan ta juya ga ƙawayenta. "Tun azahar take gabana, wallahi ban ga komai ba. Kun ga ɗinki?" Nan aka fashe da dariya, mata suka taso suna taɓa yadin. Irin abayar da ke jikina ita suka fi saye a ranar.

Ni aka ba sabon reshen, aka sabunta bizar. Sai dai har yau, duk matar da ta shigo tana tsoron abaya za ta nuna mata tumbi, Madam sai ta ƙwala mini kira: "Zo, habibti, faɗa mata abin da kika sa a ciki." In tsaya in lissafa, har tawul ba a yafe mini.

Abin da na koya ɗan kaɗan ne. Yanzu kowace safiya, kafin in zura abaya, sai na tsaya gaban madubi na tambayi kaina: in aka ce cire fa?