Yadda Za Ka Gano Ciwon Injin Jirgin Surukinka Ba Tare da Ka Jiƙa Hannu Ba

Wannan darasi naka ne, kai mai gyaran janareta a unguwar Limawa ta Dutse, wanda bai san wani ruwa ba sai na 'yan garuwa. Ka ɗauki matarka Ruwaida za ku gaishe da iyayenta a ƙauyensu, can bayan Kafin Hausa. Ambaliya ta cinye hanya, don haka mahaifinta, Alhaji Idirisu, ya zo tarenku da kwale-kwalensa mai sabon inji, wanda sai da ya rabu da bijimin noma kafin ya saye shi. Tun ranar ɗaurin aure yake kiranka Injiniya, kai kuma ba ka taɓa musawa ba. To ga shi a tsakiyar ruwa inji ya ɗau zafi yana ƙauri, ido ya dawo kanka. Bi matakan nan, na yi maka alƙawarin sunanka ba zai faɗi ba.

1. Fara da fuska

Naɗe hannun riga, ka taɓa murfin injin da bayan hannu, ka janye da sauri, ka ce "uhm". Kada ka ƙara komai. Rabin aikin kanikanci a wannan "uhm" ɗin yake, sauran rabin kuwa sifana ce, ka kuma baro ta a Dutse.

2. Tuhumi direba

Maharazu ne, ƙanin matarka, wanda har bara da gora yake tura jirgi. Tambaye shi inda ya sayi mai. Ko ina ya ce, girgiza kai. Idan ya rantse a gidan mai ya saya, ƙara girgizawa, ka tambaye shi wanne.

3. Nemi lagireto

Ba za ka samu ba, wannan tankin ruwan sanyaya injin mota ne, injin jirgi ba shi da shi. Kada ka nuna mamaki. Sunkuyar da kai cikin ladabi ka shaida wa Alhaji cewa kayan yanzu duk an rage musu abubuwa. Babu dattijon da zai yi gardamar wannan.

4. Kau da kai daga abu mai sauƙi

Wataƙila Ruwaida ta raɗa maka cewa ɗan siririn ruwan da injin yake tsartarwa ta baya ya tsaya tun ɗazu. Gaskiyarta. Injin nan ruwan kogi yake zuƙa ta wasu ƙananan ƙofofi a ƙasa don ya huce, kuma leda ko ciyawa kan toshe su. A kashe shi, a sa hannu a cire, shi ke nan.

To amma ka tsaya ka yi tunani. Idan leda ce, mene ne amfanin Injiniya? Ko yaron goye zai cire leda. Ce mata ta bari, maza suna aiki.

5. Ba shi iska

Nan ne iliminka zai fito. Janareta idan ya yi zafi waje kake fitar da shi ya sha iska, babur kuma inuwa kake kai shi. Sa Maharazu ya kashe injin, ya ɗago ƙafarsa gaba ɗaya daga ruwa. Zai yi ɗan turjiya, sai Alhaji ya ce masa ya bi abin da manya suka ce. Da farfela ta fito sarari, ja igiya, murɗa totur har ƙarshe, wai kana sauraren sautinsa.

Injin da ƙishirwa ke neman kashewa ka raba shi da kogi kenan. Zai yi ihu, ya yi tari, hayaƙi ya tashi, sannan ya yi tsit. Kada ka sake jan igiyar a gaban mutane, ba za ta jawu ba.

6. Sanar da sakamako

Goge hannu da hankici, ka dubi ƙasa kamar yadda ya dace da suruki, ka ce: "Baba, Allah ne ya rufa asiri ina nan. Da ma ciwon a ciki yake."

Daga nan karɓi filafili ka taya Maharazu tuƙi, ka riƙa cewa motsa jiki ne.

7. Karɓi ladanka

Kafin ku kai gaɓa hannunka ya yi kanta, amma sunanka na nan daram. Washegari za ka ga an ɗaura injin a bayan bas ɗin Dutse. Alhaji da kansa zai riƙe hannunka ya ce: "Injiniya, ba na ba kowa shi sai kai. A ƙoƙarta kafin a fara kwaso gero daga ƙetaren kogi."

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba ruwansa da shirun da Ruwaida za ta yi maka daga tasha har Limawa, ko da injin da zai tare maka ƙofar shago maƙwabta suna shanya tsumma a kai. Idan Alhaji ya bugo waya ranar Juma'a, kai da shi ne, kada ka ambaci sunana. Kuma ba faɗa zai yi maka ba, gara ma ya yi. Gaisuwa zai yi, ya tambayi jikoki, sannan ya gaya maka ya riga ya shaida wa mutanen gari su kwantar da hankalinsu, injin yana hannun ɗansa.