Haruffa Masu Rangwaɗa a Kwalbar Kaka

"...lafiya lau, tsohuwa. Ya gwiwar?"

"Tana gaida ragon miji."

Kaka ta zauna kusa da kwamfutar jikanta, ta dire kwalbar man shafawar da take haɗawa a gida. Mai babban kanti ya ce gobe ta kawo da takarda manne a jiki, in ta yi kyau zai karɓa. Jikan, mai tsara irin waɗannan takardu, ya juyo mata da allon.

Sunan man ya fito da manyan haruffa, duk sun ɗan karkata dama. Kowanne da kauri a baya, siriri a ƙugu, da 'yan ƙafafu masu lanƙwasa.

"Kai! Ji rangwaɗa," in ji Kaka. "Haka nake tafiya ina budurwa."

"Ke? An ce in kin taho kaji ke watsewa."

"Don kwarjini, ɗan nema. Dubi wutsiyar wancan harafin, kamar gefen mayafi. Wannan rubutu ya fi ka kyau."

"Ni na zaɓo shi ai."

"Shi ya sa na yi mamaki. To, lambar wayata ma a yi ta da shi. Ƙanana sosai, can ƙasa."

"A'a. Wannan salo na suna ne, a hango shi daga bakin ƙofa. In aka ƙanƙanta shi, siraran layukan ɓacewa suke. Lamba sai miƙaƙƙen rubutu."

"Ni dai mai rangwaɗar nake so."

Ya buga mata ɗaya yadda ta ce. Ta kai takardar nesa, ta kawo ta har hanci.

"Karanta," ya ce.

"Uku ne ko takwas?" Ta yi murmushi. "Ya yi daidai. Bar shi haka."

Ya tsaya yana kallonta. Matar da ke gano gashi ɗaya a cikin mai, yau ita ke murna da abin da ba ya karantuwa.

"Tsohuwa, ba kya so a kira ki ne?"

Ta shafa yatsunta da suka kumbura a gaɓoɓi.

"In suka ce kwalba ɗari fa? Da wane hannun? In ce ba zan iya ba, a ce tsufa ya kama ni?"

"Ai ya kama ki tun ina rarrafe."

"Ungo naka!"

Ya goge lambarta, ya sa tasa da miƙaƙƙen rubutu, baƙi ƙirin, ƙarƙashin sunan mai rangwaɗa.

"Ni za a kira. Ni zan dama, ke ki zauna kina zagina."

"Wannan kam ba na gajiya da shi." Ta fashe da dariya, ta tura masa kwalbar. "Riƙe, ka shafa wa wannan faso. Ba na son ma'aikaci mai kaushi."