Mai Kamfanin da Ba Ya Sayar da Komai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da muka je unguwar Angondjé nema wa Habibu aure ba. Habibu ɗan marigayi yayana ne, kuma a shagona yake aiki a kasuwar Mont-Bouët, inda nake sarin shinkafa da mai da tumatirin gwangwani. A nan Libreville aka haife shi, da Faransanci ya yi karatu, Hausarsa kuwa sai dai a yi haƙuri. Yarinyar ma mahaifinta ya rasu, yayanta Mamudu ne waliyyi. In ya ce e, an gama. In ya ce a'a, mu dawo da goronmu.

Kafin tafiya na tambayi Habibu aikin mutumin (ba na shiga ciniki ban san mai kaya ba). Ya ɗan yi lalube, ya ce yana da "compagnie", mutum ɗari da wani abu a ƙarƙashinsa. Ban ƙara tambaya ba. Kamfani dai ai na san shi. Na ma sa katin shagona a aljihu, don mai ma'aikata ɗari yana buƙatar shinkafa.

Muka je da maƙwabcina Alhaji Sale. Mamudu ya tarbe mu da farin kaftani, matashi, mai zama a miƙe kamar an sa masa sanda a baya. Na ce a raina ciwon baya ne na masu ofis. Bayan gaisuwa, sai na ga ya dace in nuna masa cewa gidanmu ma an san aiki. Na tambaye shi ya kamfani. Ya ce alhamdulillahi, sai dai fama da yara. Nan ya taɓo inda na fi ƙwarewa.

Na gyara zama na ba shi shawara kyauta. Na ce yaron da ya makara sau biyu, kore shi, wasu na ƙofa suna jira. Na ce kada ya yarda ya san matsalolin gidajensu, don ranar da ka san matar yaro ba ta da lafiya, ranar ka fara asara. Na ce maigida shi ke fara cin abinci, su ga bambanci. Alhaji Sale ya yi ta tari, yana taka mini ƙafa (na ɗauka barkonon da ke cikin soyayyen kifin da aka kawo mana ne).

Mamudu ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce shi ba ya iya korar kowa, wanda aka ba shi da shi zai yi aiki, in rago ne ya horar da shi har ya miƙe. Ya ce dole ya san wanda matarsa ta haihu da wanda ƙafarsa ta kumbura cikin takalmi, domin mai damuwa shi ke kuskure, kuskuren ɗaya kuma yana iya cin ran goma. In yaro ya yi laifi, shi Mamudun na sama ke fara kira. In kaya ya ɓace, ko guda ɗaya ne, shi zai amsa. In sun fita daji, sai kowa ya ci kafin ya ɗauki kwano. In kuma wani bai dawo ba, shi ke zuwa ya tsaya gaban uwarsa.

Na ce wannan kamfani ba zai yi shekara ba. Sannan na zaro katina na miƙa, na yi tambayar da ya kamata in fara da ita: "To wai me kuke sayarwa ne?"

"Ba ma sayar da komai, Baba. Soja ne ni, kaftin. Rukunin sojojin da nake riƙe da shi ne ake kira kamfani."

Sai a lokacin na ga hoton da ke bangon bayansa, ga shi nan da kaki da hula. Tun shigowarmu yake kallona. Katin yana hannuna a miƙe, na rasa ko in ba shi ko in haɗiye.

Shi bai yi dariya ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya karɓi katin, ya karanta, ya ce, "Habibu a wannan shagon yake aiki, ko? To ranar da ƙanwata ta kwanta rashin lafiya, ya makara sau biyu, ya za a yi?"

Na sha ciniki mai wuya, amma ban taɓa rushe farashina da bakina kamar ranar ba. Na ce masa gaskiya: rabin abin da na faɗa cika baki ne, rabin kuma halina ne, kuma wannan rabin zan gyara. Na ce Habibu ɗana ne, ba ya cikin waɗanda ake kora. Ya ce sauran yaran fa, su 'ya'yan wa ne? Alhaji Sale ya daina tari, ya shiga kallon silin.

Ya ba mu auren, bayan ya ce zai riƙa leƙowa shago. Yana leƙowa kuwa, kuma ba ni yake fara gaisarwa ba, masu dako yake tambaya ko sun ci abinci. Shinkafa ko buhu ɗaya bai taɓa saya ba.

Yanzu na san sunayen 'ya'yan yarana, kuma ni ke cin abinci a ƙarshe (nama ba ya kai wa gare ni, na haƙura). Kuma duk wanda aka ce mini yana da kamfani, kafin in buɗe baki sai na duba bangon bayansa.