Kwafi Dubu Uku na Alhaji Mahmudu

"Lafiya lau, amarya, lafiya lau. Matsa mini daga ƙofa, sauri nake."

Mahbuba ba ta matsa ba. Ta tokare bakin zauren gidansu da ke unguwar Sabo a Ibadan tana ƙare wa kakanta Alhaji Mahmudu kallo. Ga babbar rigar Juma'a ran Talata, ga turare, ga jakar fata ya matse a hammata. Tun bara tsohon yake ba ta labarin fataucin goron da ya yi tsakanin Kano da Ibadan, ita kuma tana bugawa a wayarta, har abin ya zama littafi. Da aka gama sai ya koma amsa waya a ɓoye.

"Ango, ina zuwa da wannan ado?"

"Asibiti."

"Asibiti da turare? Likitan za ka nema?"

"To Mokola za ni, wurin mai buga littafi. Hankalinki ya kwanta, 'yar sa-ido?"

"Yanzu ma ya tashi. Wa ya haɗa ku?"

"Shi ya nemo ni da kansa. Ya ce labarina har Legas ya kai."

"Labarin da ke cikin wayata? Ni ban tura wa kowa ba. Ya karanta ne?"

"Ya ce ba sai ya karanta ba, fuskata kaɗai za ta sayar da shi."

"Wannan fuskar? Da haƙora huɗu, su ma goro ya rine?"

"Da ita na auri kakarki, ke ma da ita kika liƙe mini. Kwafi dubu uku zai buga. Bango mai ruwan zinare, hotona a gaba, a kama zauren taro, a kira makaɗa. Amma yau zan biya duka, don ya ce gobe kuɗin takarda zai tashi."

"Dubu uku! Alhaji, waɗanda suka san ka a Sabo rabi suna maƙabarta, sauran kuma kyauta za su nema. Ko kasuwar Bodija za mu kai a riƙa naɗe ƙosai?"

Tsohon ya ƙanƙance ido, ya nuna ta da sanda.

"Ai na gano ki. Yaron nan Hanzala da ke raka ki bakin titi, shi kike so a ba aikin, ku haɗa lefe da gumina."

"Hanzala gyaran waya yake yi, ko katin biki bai iya bugawa ba. Ni dai abin da na sani, ana zaga wurare a ji farashi. A fara biyan mai gyaran rubutu, don akwai inda ka kashe Alhaji Gambo a babi na biyu, ya dawo yana cin tuwo a na biyar. A buga ɗari biyu a takarda mai sauƙi, in sun ƙare a ƙara. Kuma rabi ake bayarwa, sai an ga samfuri a hannu."

"Ɗari biyu? Ni da na loda tirela da goro?"

"Goro ana taunawa, littafi fa?"

Ta kai hannu ta taɓa jakar, ta ji nauyinta. Dariyarta ta ɗauke.

"Alhaji, wannan ba kuɗin aikin idonka ba ne da Kawu Rilwanu ya aiko?"

"Idona garau yake."

"Gyalen nan nawa wane launi ne?"

"Shuɗi."

"Kore ne."

Sai ya zauna a kan dakali, ya ɗora jakar a cinya.

"Duk waɗanda muka yi tafiyar nan tare sun tafi, Mahbuba. Ba wanda ya bar ko shafi ɗaya. So nake in riƙe abin nan a hannuna kafin a kira ni."

"Za ka riƙe shi, in Allah ya so. Amma so nake ka karanta sunanka a bango da idonka, ba a karanta maka ba. Oya, maza ba ni wayarka mu gwada mutumin naka."

Ta kira, ta buɗe murya yadda tsohon zai ji. Ta gaishe shi da Yarbanci, ta ce ita jikar Alhaji ce, suna tafe tare, ya faɗa musu lambar shagonsa, ya kuma ajiye musu littafi ɗaya da ya taɓa bugawa su gani. Mutumin ya ce shagon ana fenti, gara a haɗu a tashar Ojoo. Ta ce ba komai, suna son warin fenti. Ya ce ba ya ji sosai, ya katse kiran. Ta sake kira, wayar a kashe.

Alhaji Mahmudu ya sunkuyar da kai. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, ya fashe da dariya har da tari.

"Ɗan banza! Jiya har Baba Marubuci ya kira ni."

Ya miƙa mata jakar, ya laluba aljihu ya ƙara mata da kuɗin tsire.

"Ungo, ki kai wa uwarki ta ɓoye, ni ma kada ta nuna mini wurin. Na yarda, ido tukuna, sannan ɗari biyun. Amma hotona yana nan a bango!"

"Yana nan, ango. Bakin dai a rufe za a ɗauka."