Ranar Da Goro Ya Riga Mu Zuwa Masallaci

Ba zan taɓa mantawa ba da Juma'ar da aka sa za a ɗaura auren Yaya Sani. Lokacin ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina rubuta wata manhaja mai tsara aiki da kanta: ka gaya mata abin da kake so, ta jero maka matakai ɗaya bayan ɗaya. Na dawo Bagudo hutu ina ji da kaina, na ce wa 'yan gida wannan karon kwamfuta ce za ta tsara biki. (Ba wanda ya roƙe ni, gara in faɗi gaskiya.)

Amaryar 'yar wani ƙauye ce gaba da Kaoje, dab da iyakar Benin. Mahaifinta, Malam Garba, mutum ne mai magana ɗaya, ya ce a masallacinsu za a ɗaura da an sallame Juma'a. Tun da shari'a ta zo aka rage kiɗa, ɗaurin auren nan shi ne kusan duk bikin.

Manhajata ta ce a fara sauke goro a gidanmu, sannan tawaga ta tashi. Goro da tafiyarmu babu abin da ya haɗa su, kowanne na iya kama hanyarsa. Amma ni na gina ta, kuma ban koya mata sassauci ba: in mataki bai cika ba, na bayansa ba ya motsi.

Hantsi ya yi, babu mai motar goro. Wayarsa kuma ta kama layin Benin, ba ta shiga. Baffa Umaru, wanda zai karɓa wa ango aure, ya gyara rawani ya ce, "Ɗana, mu tahi, goro ya ishe mu can."

Na buɗe kwamfuta na nuna masa allo. "Baffa, tsari bai ba da dama ba."

"Mi tac ce?"

"Ta ce a jira."

Abin da ya fi ba ni haushi har yau shi ne sun saurare ni. Dattawa da furfurarsu suka zauna gindin darbejiya, don ɗan jami'a ya yi magana.

Da muka gaji muka tashi babu goron, mun isa har an watse daga salla. Sai ga buhunan goronmu jingine a ƙofar masallaci. Ashe mai motar ya ga rana ta yi, ya wuce can kai tsaye. Malam Garba na zaune kusa da su da 'yan uwansa da suka tsallako daga Benin. Ya dube mu a natse ya ce, "Goro ya zo da wuri, Allah shi yi mai albarka. Mun tambaye shi ko ya karɓi aure, bai ce komi ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baffa bai kare ni ba, ya nuna ni da baki ya ce, "Na'urar wanga ta hana mu."

Aka ɗage auren zuwa wata Juma'a, bayan ban haƙuri mai yawa. Yaya Sani ya daɗe ba ya amsa gaisuwata, kuma ban ga laifinsa ba.

Na koma makaranta na gyara manhajar, ta iya barin abin da bai dogara da wani ba ya yi gabansa. Malamina ya yaba, ya tambaye ni inda na samo dabarar, na ce bincike ne mai zurfi. Abin da na koya dai shi ne, duk tsarin da zai zaunar da Baffa yana jiran buhu, a rufe kwamfutar a shiga mota.